Daƙiƙa Ashirin da Huɗu Ba Ta Isar Bakano Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Guangzhou ba, kuma ko da zuciyata ta yi mini gata ta shafe ta, akwai wani bawan Allah a unguwar Dengfeng da ya ɗaukar wa kansa tuna mini duk lokacin da muka haɗu a kan kwanon tuwo. Zan zo kansa. Bari in fara da tsawona, don daga nan matsalar ta samo asali.

Ni dogo ne. Ba irin dogon da ake cewa masha Allah a wuce ba, irin wanda yaran unguwa suke bi a baya suna tambaya ko an fara ruwa a can sama. A Kano tsawon nan bai taɓa tsinana mini komai ba, sai sauko wa Hajiyarmu da tukunya daga saman kabad da canza ƙwan fitila a masallaci. Amma da na zo China sarin sutura (ina saye a kasuwar Shahe ina tura wa abokan hulɗa a gida), sai na tarar a nan tsawo kamar sana'a ne. Duk ɗan Chinan da ya ɗaga kai ya dube ni, sai ya lanƙwasa hannu kamar mai jefa abu sama, ya washe baki, yana tambayata ko ni ɗan ƙwallon kwando ne.

Da farko cewa nake a'a. To amma a'a tana bukatar bayani, ni kuwa a lokacin Sinancina kalma uku ne: nihaw ta gaisuwa, shishe ta godiya, da meyo, wato babu. Sai na koma gyaɗa kai don a wuce wurin. Daga gyaɗa kai na koma cewa da can dai. Wata rana wani lawban mai shagon wanduna, wato maigidan shagon, ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ba ni kujerar da babu mai zama a kanta sai shi, kawai sai na ji bakina yana cewa ai na taɓa buga wa jiharmu. Ban aike shi ba, amma ban tsawata masa ba.

Gaskiyar magana, sau ɗaya tak na taɓa riƙe ƙwallon kwando a rayuwata, a makarantar kwana. Malamin wasanni ya ga tsawona ya yi murna kamar an yi masa albishir, ya miƙo mini ita, ni kuma na danna ta a hammata na zura da gudu kamar wanda ya saci kaza. Tun daga ranar aikina a filin ya koma zaƙulo ƙwallo idan ta maƙale a bayan allo.

Da ƙaryar ta tsaya a kasuwa da da sauƙi, sai ta biyo ni gida. Matata Rabi ta san komai, don ajinmu ɗaya da yayanta, shi kuwa cikinsa ba ya ajiye magana. 'Yarmu Hafsat ce ta ji labarin a bakin lawban mai wanduna tana 'yar shekara bakwai. Ta juyo ta dube ni da idanun nan na yara, ni kuma na yi gyaran murya na ce ai abu ne da ya wuce, ciwon gwiwa ne ya raba mu da wasan. Da ta girma ta shiga sakandare, wata 'yar makaranta mai koyarwa da Turanci wadda 'ya'yan baƙi suka fi yawa a cikinta, sai ta shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata, da ɗan hijabinta da dogon wandonta, har ta zama kyaftin. Duk lokacin da ta ce in nuna mata wata dabara, sai in ce ta bi maganar kocinta, ba a haɗa wa ɗalibi malamai biyu.

To, bara suka kai wasan ƙarshe a gasar da suke yi da wasu ƙananan makarantu irin tasu. Ina wurin, ina tafi duk sa'ad da na ga sauran iyaye suna tafi. Saura minti huɗu a tashi, 'yan ɗaya makarantar suna gaba da maki uku, sai kawai suka daina neman kwando. Wannan ta miƙa wa waccan, waccan ta dawo wa wannan, suna ta zagaye fili da ƙwallo har aka busa tashi. Babu dokar da suka karya. Hafsat ta yi kuka tun daga makaranta har tashar jirgin ƙasa ta Xiaobei, kuma ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba sai ranar. Abin ya taɓa mini zuciya sosai, ko da yake sai a cikin jirgin na gane abin da aka yi musu.

Yarinyar nan ba ta bar maganar ba. Ita da kocinsu, Madam Lin, suka rubuta takarda suna neman a kawo wani agogo da zai hana riƙe ƙwallo. Aka ce kowace makaranta ta kaɗa ƙuri'a. Sauran makarantun suka rabu biyu daidai, ya zama ta su Hafsat ce za ta raba gardama. Ita kuma bana ce shekararta ta ƙarshe, idan ba a kawo agogon yanzu ba, ba za ta taɓa wasa a ƙarƙashinsa ba.

A nan sai in faɗi wata doka da ni da kaina na kafa a gidana, ina alfahari da ita har ina ba abokai labari. Idan an zauna cin abinci, babu Turanci, babu Sinanci, Hausa zalla. Wanda ya saki baƙuwar kalma shi zai wanke kwanuka. Saboda haka idan Hafsat tana da magana mai muhimmanci, sai ta fara duba kalmomin a wayarta kafin a zuba abinci.

"Abba, ranar Asabar za a yi taron iyaye da malamai a kan agogon jifa," in ji ta, muna cin shinkafa da wake.

"Agogon jifa," na maimaita, ina gyaɗa kai kamar tare aka yaye mu.

"E. Idan ƙungiya ta karɓi ƙwallo, tana da daƙiƙa ashirin da huɗu ta jefa kwando. In ba ta jefa ba, a ƙwace a ba abokan karawa. Ai ka sani."

"Wa zai gaya wa wa," na ce.

"Shugabar makaranta ta aro agogon. Ta ce kowane mai magana daƙiƙa ashirin da huɗu za a ba shi, kuma da agogon za a auna, don iyaye su ji tsawon lokacin a jikinsu. Na ba da sunanka. Na gaya musu ka buga wa jiha."

Na duƙufa a kan kwanona. Rabi ta ajiye cokali a hankali, ta zuba mini ido.

"Abban Hafsat, ko akwai abin da kake son gaya wa 'yarka?"

"Akwai," na ce. "Ta miƙo mini yaji."

Ga inda gizo ya yi saƙa. Ni na tashi da sauraron labarin wasanni a rediyo, inda ake cewa wane ya zura ƙwallo a daƙiƙa ta tamanin da tara. A Islamiyya ma malaminmu daƙiƙa yake ce wa minti. Ita kuwa Hafsat wayarta ce ta gaya mata daƙiƙa ita ce abin da mu a Kano muke ce wa sakan, ta ɗauko ta don gudun wanke kwanuka. Ita tana nufin sakan ashirin da huɗu, ni na ji minti ashirin da huɗu. Tambaya ɗaya da ta warware komai, amma tsohon ɗan wasan jiha ba ya tambaya.

Kwana uku na yi ina rubuta jawabi. A rana ta uku ina zaune a wani ɗan gidan abinci a Dengfeng, inda ake samun tuwon shinkafa da miyar kuka, takardu sun cika tebur, sai ga Alhaji Isuhu. Mutumin Maradi ne, kayan babur yake saye yana tura wa Nijar, kuma shi ne bawan Allahn da na ambata a farko. Ya ja kujera ya leƙa takardun.

"Dogo, mi kake rubutu haka, kamar ɗan lakwal mai shirin jarrabawa?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, cikin muryar masana. Ya saurara yana tauna asawaki, sannan ya cire shi daga baki.

"Tsaya in gane. Minti huɗu sunka riƙe balo har ɗiyarka ta yi kuka. Yanzu ku kuma kun ce a ba su ashirin da huɗu. To mi anka gyara?"

Wallahi tambayar ta shige ni. Na ji wani abu ya motsa a can ƙasan ƙwaƙwalwata yana neman fitowa, sai na danne shi.

"Alhaji, kai ba ɗan wasa ba ne. Akwai hikima a ciki."

"Awo? To ni dai minti ashirin da huɗu ya ishe ni in dahwa shayi tukunya biyu. Amma ina tahiya tare da kai, in ga hikimar da idona."

Jawabin ya kai shafi bakwai. Na fara da tarihin lokaci, na bi ta kan tarbiyyar yara, na cika shi da karin magana. Sai da na gama na lura duk waɗanda na tara, su sannu ba ta hana zuwa, su sauri ya haifi nawa, goyon bayan abokan hamayya suke yi. Guda ɗaya ce tawa, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ita kuma na ajiye ta a shafi na bakwai don in rufe da ita a yi tafi.

Ranar Asabar na ɗauko babbar rigata ta shadda ruwan sararin samaniya, wadda ta sha sitaci har tana iya tsayuwa da kanta, na kafa hula. Hafsat ta riga mu tafiya. Rabi ta ce ita tana da wanki, kuma ba ta son ganin abin da zai hana ta girmama mijinta. Muka kama hanya ni da Alhaji Isuhu, muka makara da kusan rabin awa, don daga Dengfeng zuwa tashar jirgi babu wanda muka wuce ba mu gaisa ba. (Har yau shi nake ɗora wa laifin, amma tsakani da Allah rabin gaisuwar tawa ce.)

A zauren wasa aka yi taron. Iyaye suna zaune a kujerun roba a gefen fili, 'yan matan ƙungiya suna ƙasa a jere, a kan tebur kuma ga wani baƙin akwati mai jajayen lambobi yana nuna 24. Hafsat ta tare ni a ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa.

"Abba, ka makara. Mutum tara sun yi magana, kai ne na ƙarshe. Ka ga wancan dattijon mai riƙe da filas ɗin shayi? Malam Chen ne, tsohon malamin motsa jiki. Shi ne ba ya so. Ya ce agogon zai firgita yara su riƙa jifa barkatai tun ba su koyi wasa ba. Iyaye da yawa sun karkata wajensa."

Mutum tara a rabin awa, kowa da minti ashirin da huɗunsa. Maimakon in yi lissafi, sai na ce a raina lallai mutanen nan ba su da abin faɗa.

Shugabar makaranta ta gabatar da ni a matsayin tsohon ɗan wasa daga Najeriya. Aka yi tafi. Na taka zuwa tsakiyar fili rigata tana ƙara, na karɓi makirfo, Madam Lin ta danna wani maɓalli. Da Turanci ake taron, amma tarbiyya ba ta da yare. Na yi sallama cikakkiya har da wabarakatuhu. Na gai da shugabar makaranta, na tambayi lafiyarta da ta iyalinta. Na gai da mataimakinta. Na yi wa Madam Lin sannu da ɗawainiya da yaranmu. Na juya wajen Malam Chen na ce masa nihaw, na ɗan rusuna, don ko ana hamayya babba babba ne. Ina cikin gai da iyaye maza, ban ma zo kan iyaye mata ba, sai wani abu ya kwatsa ƙara kamar hon ɗin tirela a kunnen mai gyangyaɗi.

Na zabura, shafi na uku da na huɗu suka zube ƙasa. Na ɗauka ƙararrawar gobara ce, har na fara duban ƙofa, amma babu wanda ya motsa. Shugabar ta yi murmushi ta ce lokacina ya cika, sai dai tunda ban ga yadda sauran suka yi ba, a sake ba ni wani. Ni kuma na ɗauka akwatin ne ya samu matsala tana rufa masa asiri. Na ce mata babu komai, kayan lantarki sai haƙuri.

Aka sake dannawa. To, gaisuwar da aka katse ba gaisuwa ba ce. Idan na ci gaba daga inda na tsaya, kamar na raba mutane gida biyu ne, wasu sun samu cikakkiya wasu guntuwa. Sai na koma farko, amma na ɗan ƙara sauri. Na haɗa shugaba da mataimakinta a numfashi ɗaya, na haɗa iyaye maza da mata, har na ji daɗin kaina. Sai idona ya faɗa kan Alhaji Isuhu a layin gaba, na tuna ɗazu ban ambace shi ba. Mutumin da ya bar kasuwarsa ya rako ni. Na juya harshe zuwa Hausa.

"Alhaji Isuhu, barka da rana."

Ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji. "Barka kadai, Dogo. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina iyali, suna lahiya?"

"Lafiya ƙalau, Alhamdulillah."

"To madalla. Ina labarin…"

Hon ɗin ya sake tashi. (Ku tuna, jirgi ɗaya muka shigo da mutumin nan, kafaɗa da kafaɗa.)

A wannan karon na juya na dubi akwatin sosai. Yana nuna sifili. Madam Lin ta mayar da shi 24, hannunta ya taɓa maɓallin, sai na ga lambobin sun fara zubewa: 23, 22, 21, da saurin bugun zuciya. Abin da na danne a gidan tuwo ya taso gaba ɗaya. Na manta makirfo yana bakina, na ce da Turanci, da ƙarfi, zaure duka yana ji: "Au, ba minti ba ne?"

Aka fashe da dariya, amma dariyar jin daɗi, wai barkwancin ƙwararru nake yi. Hafsat kaɗai ce ba ta yi ba. Ta ja gefen hijabinta ta rufe rabin fuska.

Sai Malam Chen ya ajiye filas ɗinsa ya miƙe. Dattijo ne mai ladabi, kuma na tabbata babu mugunta a ransa. Ya ce ɗan wasa da hannu yake magana ba da baki ba, a ba babban baƙo ƙwallo ya nuna wa kowa ko sakan ashirin da huɗu sun isa a yi jifa mai kyau. Madam Lin ta amince da sauri, don ita a tunaninta Allah ne ya kawo mata hujja. Tun da aka fara taron, wannan ne abu na farko da ɓangarorin biyu suka yarda a kansa.

Na dafa gwiwa. Malam Chen ya ce babu gudu, daga tsaye zan jefa. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, kuma har na buɗe baki. Sai na dubi Hafsat, ta sauke hijabin daga fuskarta, idanunta sun dawo irin na shekara bakwai. Ta motsa leɓe ba sauti: Abba, nuna musu. Na miƙa takarduna, na karɓi ƙwallo.

Duk wanda ya taɓa sa babbar riga ya san ba a yin komai da ita sai an naɗe hannuwanta a kafaɗa. Na naɗe na dama, na hagu ya zame. Na naɗe na hagu, na dama ya biyo. Sakan goma suka tafi a nan. Na ce bari in buga ƙwallon a ƙasa kamar yadda na ga yara suna yi, sai ta sauka a kan takalmina ta gangara gefe. Na bi ta, na sunkuya, na ɗauko, kuma jiki ba ya manta abin da ya iya: na danna ta a hammata na tako da ita har layin jifa. Na ji 'yan matan ƙungiya sun ja numfashi gaba ɗaya. Daga layin gaba muryar Alhaji Isuhu ta taso, a natse, kamar mai ƙirga buhuna.

"Saura shidda, Dogo. Biyar. Huɗu. Yi da jiki."

Jifa ɗaya na sani a duniya, irin na ƙwallon ƙafa idan ta fita gefe. Na kama ta da hannu biyu, na kai ta bayan ƙeya, na yi bisimilla, na wurgo da dukkan ƙarfina. A hanyarta ta fitowa ta kwashi hulata. Suka tashi tare. Ƙwallon ta sauka tun ba ta kai ƙarƙashin kwando ba, ta gangara ta tsaya a ƙafar wata uwa 'yar Koriya. Hular ta fi ƙwallon nisa. Hon ya tashi karo na uku, ina tsaye a tsakiyar fili, hannuwa a sama, sanƙona yana ɗaukar hasken fitilu.

Zauren ya yi tsit, ban da wani ɗan sauti kamar tayar da ke sacewa. Alhaji Isuhu ne, ya cusa fuska a hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Chen ya je ya ɗauko hular, ya karkaɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda suke miƙa wa babba abu. Sannan ya juya wajen iyaye ya yi magana a hankali. Ya ce kowa ya gani da idonsa. Idan agogon nan zai rikita ƙwararren ɗan wasa ya mayar da shi haka, me zai yi wa yarinya 'yar shekara goma sha huɗu? Na ga kawuna suna gyaɗawa, layi bayan layi, har da waɗanda Hafsat ta ce nata ne. Dattijon ya miƙo mini mafita a faranti: in yi shiru, laifin ya zama na agogo, in tafi gida da mutuncina. Sai dai 'yata ce za ta biya, da shekararta ta ƙarshe.

Ban san lokacin da na ɗauki makirfo ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi magana a taro babu sallama babu gaisuwa.

"Agogo bai yi mini komai ba," na ce. "Ni ne ban iya ba. Ban taɓa buga wa jiha ba, ko unguwa ban buga wa ba. Tsawo ne kawai."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, ko da yake da wannan tsawon sai kaina ya rage a waje. Wani ya yi tari. Madam Lin ta kama duban farcenta. Sai na ga Hafsat ta miƙe, ta ce a matsayinta na kyaftin tana neman nata lokacin. Aka danna mata. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

"Mahaifina ya riƙe makirfo sau biyu bai jefa komai ba," ta ce. "Duka bai kai minti ɗaya ba, amma na ga kuna ta duban juna kuna jiran a cece ku, kuma agogon ya cece ku. Mu minti huɗu aka yi mana haka a wasan ƙarshe, babu abin da ya yi ƙara. Na gama."

Aka yi dariya, aka yi tafi, har Malam Chen sai da ya murmusa cikin filas ɗinsa. Aka ce a ɗaga hannu. Masu son agogo suka yi rinjaye da ƙyar, bayan an cire hannuwa biyun da Alhaji Isuhu ya ɗaga, tunda ba shi da ɗa a makarantar.

A jirgin komawa Alhaji Isuhu ya sauka a wata tasha wai zai ga wani mai kaya, amma na san labari ya tafi kaiwa tun da ɗuminsa. Muka rage ni da Hafsat, muna riƙe da ƙarfe ɗaya. Tasha biyu ta kau da kai daga gare ni. Na fi son a ce zagina take yi.

"Abba, ko sau ɗaya?" ta tambaya daga ƙarshe.

"Sau ɗaya. Shi ma guduwa na yi da ita."

Ba ta yi dariya ba. "Ni fa saboda kai na shiga. Na ce tunda ciwo ya hana ka, ni zan ƙarasa maka."

Hon uku na sha a ranar, amma babu wanda ya shige ni kamar wannan maganar. Idona ya cika, na sunkuyar da kai, a cikin jirgi cike da mutane. Na ce mata ta yafe mini, na yi mata ƙarya shekara goma don ina jin daɗin yadda take kallona, kuma ba ni da wata hujja bayan wannan. Ta juyo ta dube ni.

"Akwai fili a bayan gidajenmu," ta ce. "Gobe da safe. Kada ka sa babbar riga."

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne, zai shiga sakan ashirin da huɗu har ya bar saura: kalmar da kake ganin ka fi kowa saninta, ita za ka fara tambaya a kanta, kuma kafin ka gai da jama'a ka dubi abin da ke kan tebur. Amma akwai karin magana ɗaya da yanzu nake jayayya da ita. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai zo gidana ba. Tawa ta yi 'ya, 'yar ta zama kyaftin, kuma duk Lahadi tana tsaye a kaina da usur a baki tana cewa in sake. Mako bakwai ke nan, sau biyu kacal ƙwallona ta taɓa ƙarfen kwandon, kuma duka biyun ta yi mini tafi.